Yadda Za Ka Yi Jinyar Gashin Ido a Ƙofar Shagon Su Roda

Ɗan'uwa, gyara zama, ba sauri muke ba. Ni ban yi nisa a boko ba, facin taya nake yi a unguwar Gwallaga, amma a kan ciwon gashin ido na san abin da na sani. In ka bi matakan nan yadda na jera su, na yi maka alkawari ciwon zai tafi. Na gwada su a kan abokina Habila mai keke, ɗan unguwarmu, ga shi nan yana yawo da idonsa garau.

1. Ka tabbata ciwon na gaske ne

Ciwon shi ne gashi ɗaya ya rabu da 'yan'uwansa, ya lanƙwasa ciki, yana sukar ƙwayar ido duk ƙiftawa. Ido ya yi ja, hawaye na zuba alhali ba rasuwa aka yi ba. Kada ka ƙirƙira. Mata suna gane hawayen albasa tun daga tsallaken titi.

2. Kada ka yi gaggawar warkewa

Masu ilimi za su ce ka jiƙa tsumma mai tsabta a ruwan ɗumi ka ɗora, ka daina murzawa, in ya ƙi ka je asibitin ido. Duk gaskiya ne, kuma yana aiki. To matsalar ke nan.

Ka tsaya ka yi tunani. A garin nan saurayi ba ya kai fuskarsa kusa da ta budurwa a gaban jama'a, sai fa in abu ya faɗa masa a ido. Nan kam ko dattijo ne ya zo wucewa, cewa zai yi a taimaki bawan Allah a hura masa. Saboda haka tambayar ba yaushe zan warke ba ce, wa nake so ya hura mini ce.

Habila ya san amsarsa. Tun bara yake zuwa shagon su Roda a Gwallameji, kullum ya sayi ashana ya ce na gode ya tafi, bakinsa ya kasa ƙara ko kalma ɗaya. Ga shi wani ɗan ofis ya fara ajiye mota a ƙofar shagon, yana daɗewa.

3. Ka guji masu taimako

Ranar da ka fito da jan ido, kowa likita ne. Tsohuwar gidanku za ta ce a ɗiga nonon mai jego. Mai shayi zai ce kwalli. Sabitu, abokin layin Habila a tasha, har ya damƙe kan Habila ya cika kumatu, Habila ya ƙwace da ƙyar ya ce masa ya bari, idon nan akwai mai shi. Sabitu ya ce to Allah ya sa mai shi ta san da zancen.

Ka gode wa kowa, ka wuce da ciwonka. Ajiya ce.

4. Ka iya tsayuwa

Ka je bayan azahar, lokacin da ciniki ya kwanta. Kada ka roƙa. Ka rufe idon da tafin hannu, ka yi sallama a hankali kamar mai barin wasiyya.

Haka Habila ya yi. Roda ta tambaye shi me ya sami idon, ya ce ba komai. Ta ce ita ba ta taɓa ganin ba komai yana zubo da ruwa haka ba. Ta zagayo, ta sa shi ya zauna a benci, ta ce ya ɗaga kai ya kalli rufin shago, kada ya motsa.

5. Ka leƙa bayan buhunan shinkafa kafin ka ɗaga kai

Wannan matakin daga baya na ƙara shi.

Mai jiran a hura masa ba ya ganin komai sai kwanon rufi da hawaye. Habila ya ji yatsu sun riƙe masa haɓa, masu kaushi kamar bayan itace. A ransa ya ce baiwar Allah tana shan aiki, in ya aure ta zai hutar da ita. Sai iska ta zo, mai ƙarfi, da ƙamshin goro da busasshen kifi.

Baba Job ne, mahaifin Roda, tsohon kafinta, da yake kishingiɗe a bayan buhuna tun ɗazu. Ita ta shiga ciki ɗebo ruwan ɗumi. Baba ya ga hurawa ba ta yi ba, ya matso da fuskar wajen haske, ya sa farce ya fizge gashin kamar mai zare sartse daga katako.

"Ɗana, yaya idon?"

"Da sauƙi, Baba."

"To tunda ya buɗe, gaya mini, me kake gani a shagon nan da babu a Gwallaga?"

6. Ka faɗi gaskiya, tunda haɓarka tana hannun mutane

Habila ya duba hagu, buhu. Ya duba dama, ga ta tsaye da kwanon ruwa.

"Roda, Baba."

Baba ya sake shi, ya goge hannu a riga. Ya ce shi bai saba maganar 'yarsa da mai ido ɗaya ba, ya je ya warke sosai, ranar Lahadi bayan an taso daga sujada a coci ya zo da kawunsa. Ya koma bayan buhunansa. Roda ta ce ruwan yana hucewa, ya sunkuyo. Ta ɗora masa tsumman da hannunta, kuma wallahi ya ce bai san ko da zafi ko babu ba.

A kula

Ni ciwo na ce zai tafi, kuma ya tafi. Abin da ya biyo baya babu hannuna. In idonka ya kumbura ko gani ya ragu, asibiti za ka nufa, kada ka zo mini rumfa. In kuma ka dace da uban da ba ya hurawa sai dai ya ɗora mari, ka yi haƙuri, ni taya kawai nake liƙewa.