Farin Zalɓen Bakin Dam

Ƙamshin gasasshen kifi ya cika bakin dam, amma na hana kowa zama ya ci. Ranar ce Anti Ladi, shugabar ƙungiyarmu ta masu kula da tsuntsaye, ta gwada ni da jagorancin baƙi, wasu mata daga unguwar Fadaman Mada. In na burge ta, aikin nawa ne. Sai kai-komo nake yi, ko madubin hangen nesa ban ɗauka ba, wai idona ya ishe ni.

Can cikin ciyawa na hango fari.

"Ku durƙusa, zalɓe ne," na raɗa musu.

Suka durƙusa a taɓo da hijabansu, ina ta yabon haƙurinsa, yadda yake sauraron ruwa kamar mai zikiri.

Iska ta taso. Zalɓen ya kumbura, ya tashi, ya maƙale a ƙaya.

"'Yar nan," in ji Hajiya Talatu, ɗaya daga cikinsu, "a cikin irinsa nake sayo wake."

Aikin dai wata daban aka ba. Har yau in leda ta gifta a kasuwar Wunti, sai an ce in gaida tsuntsuna. Sai bara na ji cewa Anti Ladi ta gane leda ce tun farko. Ta ƙyale ni ne don ba ta taɓa ganin matan nan sun yi shiru ba.