Yadda Ake Sayar da Muryar Goggo a Intanet

Kana son buɗe shagon sauke waƙoƙi, ka yi suna daga Utaibiyya ta Makka har Kano? Bi sawun Abdulganiyyu, wanda ya riga ka gwadawa. Suna kam tabbas za ka yi, irin sunan ne ban yi maka alkawari ba.

1. Samo haja. Kada ka wahala neman mawaƙa. Ranar da rusau ya tashe su daga unguwar Nakkasa, Abdulganiyyu ya tsinci kwalin kaset-kaset na goggonsa Mujahida, wadda a da Hausawan Makka ba sa biki sai da muryarta. Ta daɗe da barin waƙa, yanzu 'yan mata take koya wa karatu.

2. Kada ka nemi izini. Matambayi ba ya ɓata, amma shago ma ba ya buɗewa. Juye kaset ɗin a kwamfuta, ka ɗora a shafinka, ka yanka farashi.

3. Manta inda aka rera waƙoƙin. A ɓangaren mata ne, ƙofa a rufe, Goggo tana kiran sunan duk wadda ta shiga fili. Yanzu kowane magidanci zai ji yadda hajiyarsa ta cashe a bikin ƙanwarta. Nan ciniki yake.

4. Yi murna da yaɗuwa. Mutum ɗaya zai saya, unguwa ta samu kyauta. Haka Goggo ta shiga tasi, wayar direba ta yi ƙara, ta ji kanta tana rangaɗa guɗa. Kafin mako ya zagayo, matan da aka ji sunayensu sun janye 'ya'yansu daga karatu.

5. Je ka durƙusa. Abdulganiyyu ya je, kunya kamar ƙasa ta tsage.

"Khalas, Goggo, shi ke nan, na rufe shafin."

Ba ta ɗago daga tsintar shinkafa ba. "Ka kyauta, ya waladi, ɗana. Matan nan sun saki jiki ne don sun yarda da ni. Tunda ka rufe, saura ka bi wayoyin mutane ka karɓo mini muryata."

Gargaɗi: duk abin da ya biyo baya, babu hannuna babu ƙafata. In goggonka ta daina aiko maka da tuwon Juma'a, kada ka nufo gidana. Abdulganiyyu ya riga ka zama a tabarmata.