Hantar Layya da Haƙorin Makkan Surukina

Na manta da abubuwa da yawa a duniyar nan, har da launin rigar da na sa ranar ɗaurin aurena, amma Babbar Sallar bara waccan ba zan taɓa mantawa da ita ba. Ko ni na so in manta, mutanen gidanmu a unguwar Nima ba za su bari ba.

Ni mai sayar da kayan gyaran mota ne a kasuwar Abossey Okai, kuma sana'armu sana'ar lamba ce. Makaniki zai zo maka da tsohon ƙarfe a leda, ka goge baƙin man da ke jikinsa, ka karanta lambar, ka shiga ciki ka ɗauko mai irinta. In lamba ta zo ɗaya, magana ta ƙare. Shekara goma sha biyar ina cin abinci da wannan ƙa'ida, har na fara zaton duk duniya a kanta take tafiya.

Girki kuwa likita ne ya jefa ni cikinsa. Ya auna jinina, ya dubi tumbina, ya ce in rage maiƙo in ina son ganin jikokina. Sai na sayi ɗan ƙaramin obin na lantarki, irin mai fanka a ciki, na shiga koyon gashi. Duk abin da ya yi daɗi sai in rubuta zafinsa da mintinsa a farin salatif in manna a gefen obin ɗin, yadda nake yi wa kayan shago. Kaza, ɗari biyu, minti arba'in. Doya, ɗari biyu, minti talatin. Hanta, ɗari biyu, minti ashirin da biyar. Kafin shekara ta zagayo na zama mai wa'azi, ba na ganin mutum da ƙosai a hannu in ƙyale shi (ni kuwa ina sayen nawa a Adabraka, inda ba a san ni ba).

Saura mako biyu Sallah obin ɗin ya mutu. Maƙwabcina a kasuwa, wanda kwantenarsa ta iso da tsofaffin kayan Turai, ya jawo ni gefe ya nuna mini wata baƙar tukunya mai aljihu kamar na tebur. Ya ce, "Massa, eya firaya ke nan. Shi ake yayi yanzu. Ba mai koraa, ko ɗigo, iska ne ke soya." Na duƙa na dubi maɓallanta. Ga na zafi ya kai har ɗari biyu, ga na lokaci, ga fanka a ciki. Lamba ta zo ɗaya. Na kai ta gida, na ɓanɓaro salatif ɗin daga gawar obin, na manna a jikinta, na shafe shi da babban yatsa. A wurina aiki ya ƙare.

Sai dai ban sami damar gwada ta ko sau ɗaya ba. Gab da Sallah kowa gyaran mota yake don tafiya arewa, kasuwa ba ta barin mutum ya sosa kai. Matata Rukayya ce ta yi ta soya ayaba da fukafukan kaza a ciki tsawon kwanakin nan.

To, bari in gaya muku waye surukina. Alhaji tsohon mahauci ne, ya yi shekara arba'in yana fawa a kasuwar Nima kafin gwiwa ta zaunar da shi. Mutum ne mai ƙarancin magana, kuma in ya yi murmushi haƙorin Makkansa na zinare ne ke fara gaishe ka, wanda ya sa tun zuwansa hajji yana da sauran ƙarfi. Shekara goma sha ɗaya ina auren 'yarsa, bai taɓa cewa ni mutumin banza ba ne, bai kuma taɓa cewa ni na kirki ba ne. Sunana ma bai cika kira ba, sai dai "mai ƙarafa". Abin yana cina a rai, ba zan ɓoye ba.

Shekarun baya haɗa saniya muke yi mu bakwai. A waccan shekarar ce na fara sayen ragona ni kaɗai, kuma da Rukayya ta roƙi mahaifinta, ya yarda zai zo gidanmu ya yanka da hannunsa. Alhaji yana cikin dattawan nan da ba sa sa komai a baki ranar Babbar Sallah, tun asuba har sai sun ci hantar layya. Ke nan abin da zai fara shiga cikinsa a ranar, daga gidana zai fito. Na ce a raina, yau ce ranar da zan tashi daga mai ƙarafa in koma suruki.

Aka sauko daga Idi, aka yi yanka, Alhaji ya feɗe ragon kamar mai cire wa yaro riga. Ya ciro hantar, ya ɗaga ta, ya juya ta a tafin hannunsa, sannan ya ce, "Ragon nan lafiyayye ne. An iya zaɓe." Jama'a, wannan ce yabon farko da na taɓa ji daga bakinsa. Da ina da hankali da a nan na tsaya, na ci ribata na koma gefe. Ya miƙa wa 'yarsa hantar, ni kuwa na tare hanya na karɓe.

Rukayya ta biyo ni ɗaki. "Baban Salma, wannan abu ba kamar obin ba ne oo. Yana da zafi paa. Ka rage wuta, ka rage lokaci. In ya kai rabi ka jawo ka girgiza. Kuma ka sa mai kaɗan, in ba haka ba yaji ba zai zauna ba."

Na yi dariya irin ta masu ilimi. Na nuna mata salatif. "Karanta nan. Ɗari biyu a obin, ɗari biyu ce a tukunya. Lamba ba ta ƙarya."

"Ni na yi kwana goma ina girki da shi."

"Ni kuma shekara goma sha biyar ina harkar inji."

Ta dube ni. Ta ɗauki wuƙa ta ce bari ta taya ni yankawa. (Ku riƙe wannan wuƙar, za ta dawo.)

Da a ɗaki na yi abina, da watakila asirina ya rufu. Amma ina amfanin sabuwar tukunya in ba a gani ba? Na ja doguwar waya har tsakar gida, na ɗora tukunyar a kan benci, daidai gaban tabarmar Alhaji. Gidanmu gidan haya ne, ɗaki goma sha biyu, kuma ranar kowa yana waje, mata sun ɗora manyan kasake suna jiran nama. Anti Memuna mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, wadda ba abin da ke wucewa a gidan ba ta sa masa baki ba, ta riƙe ƙugu ta ce, "Ei! Tukunya da igiya kamar akuya. Ina wutan?"

"Anti, zamani ya wuce ku," na ce.

Na yanka hantar ƙanana-ƙanana don ta yi kyan gani, na barbaɗe ta da busasshen yaji, ko ɗigon mai ban sa ba, na tula ta a aljihun tukunyar har ya cika. Ɗari biyu. Minti ashirin da biyar. Sai na tuna na Alhaji ne, na ƙara biyar don girmamawa.

Tukunya ta ɗauki gurnani. Ni kuma na tsuguna daga nesa kaɗan, yadda ya kamaci suruki, amma bakina ya ƙi tsugunawa. Na ce, "Baba, maiƙo ne ke ƙarar da mutanenmu. Da wannan an huta." Ina faɗa wa mutumin da ya haura tamanin yana cin kitse ke nan. Ya ja carbinsa ya ce, "Allah ya ba mu lafiya."

Abin da ban lura da shi ba, tukunyar tana fitar da iskarta ta baya ne, bayan kuwa shi na juya wa tabarma. Yajin da bai sami man da zai kama ba, fanka ta kwashe shi ta aika wa Alhaji. Ya yi atishawa, ya yi hamdala, muka amsa. Ya sake, muka sake amsawa. A ta biyar aka daina amsawa, don kowa ya shiga tasa.

Wajen minti goma wani ƙamshi ya tashi, mai daɗi ƙwarai. Rukayya ta wuce ta bayana ta ce ƙasa-ƙasa, "Ya yi. Cire."

"Ba a buɗewa, zafi zai gudu," na ce, don haka obin ya koya mini.

A minti ashirin ƙamshin ya koma wani abu da na sani sarai, irin warin da ke tashi in direba ya taka birki daga saman tudu har ƙasa. Na ji shi, hancina lafiya lau. Amma gaban mutum talatin da suruki, wa zai tashi ya ce matarsa ta fi shi gaskiya? Na zauna daram ina kallon maɓalli, ina gumi cikin sabuwar shadda.

Ƙararrawa ta buga. Na jawo aljihu. Na ƙasa sun manne sun zama curi ɗaya, na sama kuwa sun ƙanƙance sun yi baƙi suna ƙyalli. Da na juye su a faranti sai da suka yi ƙara, kamar an zuba noti na ƙarfe a tire. Na zaɓi masu ƙyallin (a ganina su ne suka fi gasuwa), na durƙusa na ajiye gaban Alhaji.

Ya dubi farantin, ya dube ni. Mahauci ne, ya san abin da yake gani. Amma azahar ta kusa, cikinsa ba komai, kuma dattijo ba ya kunyata mai gida a gidansa. Ya yi bisimilla, ya ɗauki ɗaya ya kai baki.

Ƙwas!

Har masu kasko sai da suka juyo. Alhaji ya tsaya cak. Ya sa yatsu biyu a baki a hankali, ya ciro tsokar, ya ɗaga ta yadda ya ɗaga hantar ɗazu. Ga zinare nan a cake a jikinta yana walƙiya a rana. Inda haƙorin Makka yake, sai wani ɗan guntun haƙori siriri da ba wanda ya taɓa gani a Nima, har 'yarsa.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Mai yana ta tafasa a kaskon Anti Memuna, ba mai kula shi.

Alhaji ya ce, da wata sabuwar iska a maganarsa, "Shekara arba'in ina fama da ƙashi, ƙashi bai taɓa cire mini haƙori ba. Sai yau, hanta."

Nan ya kamata in yi shiru. Amma ɗan kasuwa in ya ga abu ya cire, bakinsa ba ya shawara da shi. Na ji kaina ina cewa, "Baba, akwai wani gam a shago, ɗan Jamus, har kan injin yana riƙewa..."

Anti Memuna ta saki ludayi ta zauna a ƙasa. Dariyar da aka danne ta fashe daga kowace ƙofa. Alhaji bai yi dariya ba, ya naɗe zinarensa a hankici ya sa a aljihu, ya ce, "Mai ƙarafa, na ɗauka a shago kaɗai kake ajiye su."

Sai ga Rukayya ta fito da ɗan kwano a rufe. Ashe lokacin da take taya ni yanka, ta datse kashi ɗaya cikin uku na hantar ta ɓoye. Ta wanke aljihun tukunyar, ta juya bayanta ga bango, ta murza hantar da rabin cokalin mai da yaji, ta jera ta ba ɗaya a kan ɗaya. Ta mayar da zafi ɗari da tamanin. Bayan minti huɗu ta jawo ta girgiza, bayan wasu huɗun ta juye. Ko kallon salatif ɗina ba ta yi ba.

Alhaji ya ɗauka da taka-tsantsan, ya tura ta gefen hagu, ya tauna. Ya ɗauki ta biyu. Ya cinye tas, ya sha ruwa, ya yi hamdala. Sannan ya dubi tukunyar ya ce, "Ashe ita ba ta da laifi."

Bayan Sallah na kai shi wurin likitan haƙori aka mayar da zinaren. Ya zauna, sai dai ya ɗan karkace, kuma ni kaɗai nake ganin karkatar, duk lokacin da ya yi murmushi. A gida kuwa an raɗa mini suna Ɗari Biyu, har masu kawo gawayi sun ɗauka sunan yanka ne.

Salatif ɗin na ɓanɓare shi da kaina. Yanzu akwai sabo da rubutun Rukayya, kuma dokarta gajeriya ce: duk abin da obin ya ce, a rage masa zafi kamar ashirin, a rage lokaci, kada a cika aljihu, a buɗe a duba tun da sauran mutunci. Na koyi cewa kama da wane ba ta wane, ko da lambarsu ɗaya, kuma wanda ya kwana goma da abu ya fi wanda ya karanta jikinsa sau ɗaya.

Bara Alhaji ya sake zuwa yanka. Ya ciro hanta, ya ɗaga, ya yaba. Na matso da hannu biyu. Ya kewaye ni ya miƙa wa 'yarsa, sannan ya waiwayo ya ba ni igiyar ragon, ya ce in adana ta da kyau, ita ba a gasawa.