Yadda Za Ka Kashe Jarumin Goggonka Ba Tare da An Ga Hannunka Ba

Kai mai jan wasan tebur, matso kusa, na san ciwonka. Kai ne ke zama a bayan kwali kana ba da labari. Sauran kowa da jaruminsa a rubuce a takarda, ɗan lido mai fuska ashirin kuma yana yanke hukuncin wanda zai rayu da wanda zai sheƙa barzahu. Ka yi mako uku kana ƙera dodo, ka ba shi fiƙa, ka ba shi jini ɗari biyu, wato makin da sai sun ƙare zai mutu, sai wata babba a gidanku ta zo ta sasanta da shi tun ba a zare takobi ba. Ba ka isa ka ce ta tashi daga teburin ba, don ita ta goya ka. Hanya ɗaya ta rage: jaruminta ya mutu, mutuwar da kowa zai ce ƙaddara ce.

Ga matakai bakwai, tabbas suna aiki. An gwada su a gidan wani bawan Allah da ake kira Kwali, mai yankan takarda a shagon buga kati, kuma jarumin goggonsa ya mutu murus. Abin da ya biyo baya yana can ƙasa, kada ka yi saurin leƙawa.

Mataki na ɗaya: San wadda kake karawa da ita

Kada furfura ta ruɗe ka. Goggon Kwali ta yi shekara talatin da ɗaya tana aikin jinya kafin ta yi ritaya ta dawo ɗakin baya na gidansa. Wata Asabar da rana ta shigo falo da butar shayi, ta tarar da shi da matarsa da abokinsa Direba sun duƙufa a kan taswira.

"Caca kuke yi a gidan ɗan'uwana?"

"A'a, Goggo. Wasan labari ne."

"To, matsa min."

Aka ce ta zaɓi jarumi. Kowa ya ɗauka mai magani za ta ɗauka. Sai ta nuna ƙaton da ya fi kowa faɗin ƙirji, ta raɗa masa suna Na-Gatari. Wata goma sha ɗaya ke nan, gatarin bai taɓa sauka daga kafaɗarsa ba.

Masana sun ce: mai gatarin da ba ya sara, shi ne abin tsoro. Masanan ba su faɗi dalili ba.

Mataki na biyu: Gyara mazauninka

Ka kafa kwali a gabanka, mai tsawon da zai ɓoye hannunka da ɗan lidonka. Abin da ya faru a bayan kwali tsakaninka ne da Mahaliccinka. Ka zauna inda ba wanda zai bi ta bayanka. Kwali ya zaɓi kujerar da ke jingine da kabad ɗin matarsa, mai ƙofar gilashi, wanda aka jera faranti a ciki don baƙin da har yau ba su zo ba. Ko kyanwa ba ta ratsawa tsakaninsa da kabad ɗin. Ya yi alfahari da wannan dabara ƙwarai.

Mataki na uku: Kada ka ba dodo ƙafafu

Kuskuren sabon shiga shi ne ya ƙera dodo kamar mutum. Kwali ya yi wani jibgegen basamude mai tsaron gada, da kulki kamar turken wutar lantarki. Direba ya naɗe hannun riga, ya hura wa ɗan lidonsa iska. Sai Goggo ta ɗaga yatsa.

"Na-Gatari ya yi masa sallama. Sannu da aiki, bawan Allah. Tun yaushe kake tsaye a nan?"

Dokar wasa ce, in an tambayi dodo sai mai jan wasa ya amsa. Kwali ya shaƙe murya ya ce, "Shekara ɗari uku!"

"Kai! Ba kujera? Ƙafafun nan ba sa kumbura?"

Kwali ya sake shaƙe murya. Ya ce suna ɗan kumbura. Shi ke nan, bango ya tsage. Aka shiga maganar ɗora ƙafa a kan filo da rage gishiri. Da aka zo kan ko basamuden zai yarda ya ba su hanya, Kwali ya jefa ɗan lido a bayan kwalinsa, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce ya yarda. Har rakiya ya yi musu.

Direba ya ce, "Goggo, don girman Allah, ko tsawa a bari in yi masa."

"Me ya yi maka? Mutum yana bakin aikinsa."

Darasi: duk gaɓar da ka ba dodo, ka ba tsohuwar ma'aikaciyar jinya wurin dubawa.

Mataki na huɗu: Kada ka dogara da matattu

Za ka ce ƙwarangwal ba shi da kumburi, ba shi da hawan jini. Haka Kwali ya yi tunani. Ya cika wani kogo da ƙwarangwal arba'in, kowane da takobi mai tsatsa, ya yi musu ƙarar ƙashi da cokula biyu a ƙarƙashin tebur.

Goggo ta dafe ƙirji. "Wane marar imani ne ya bar ku a waje haka? Ba ku da dangi ne?"

Ɗan lido ya sake birgima a bayan kwali. Kwali ya sake daɗewa yana kallonsa. Ranar nan awa uku aka yi ana haƙa rami. Jarumar matar Kwali, wadda ɓarauniya ce mai wuƙa biyu, ita aka sa ɗebo ruwan kwaɓa ƙasa.

Bayan Goggo ta koma ɗakinta, Direba ya tsaya a bakin ƙofa yana kaɗa makullin motarsa.

"Kwali, ranar Asabar fasinja har faɗa suke yi a kan kujera. Na ajiye mota na zo in sari dodo, ka mayar da ni mai haƙar kabari. Asabar mai zuwa in ban ga jini ba, ni da teburin nan har abada."

Ya fita. Kwali ya san in babu Direba, mutum ukun da suka rage ba za su riƙe wasa ba, musamman da yake ɗaya daga ciki ba ta faɗa da dodo. Shekara shida yana jan teburin nan, kuma a duk duniya nan ne kaɗai in ya yi magana ake yin shiru.

Matarsa ta ce, "Ka gaya mata gaskiya mana."

"Ke ki gaya mata. Ai tana jin maganarki."

"Goggonka ce ko goggona? Ni a sama na same ta."

Mataki na biyar: Ƙera dodo ta hanyar ragewa

Nan gwaninta take. Kada ka tambayi kanka me za ka ƙara masa. Tambayi kanka me Goggo za ta kama, ka cire.

Kunne? Cire, kada ya ji sallama. Baki? Cire, kada ya amsa. Ido? Cire, don an taɓa ganin ta yi wa wani dodo magana da hannu. Uwa, uba, 'ya'ya, garin haihuwa, tsohon ɓacin rai, duk ka cire. Abin da ya rage wa Kwali wani curi ne kawai mai birgima. Ya haɗa shi da ragowar takardun shago da gam, a lokacin hutun cin abinci, har maigidansa ya tambaye shi ko lafiya. Ya sa masa suna Dunƙule.

Sannan ka gina wurin. Lungu siriri, wanda mutum ɗaya kawai ke wucewa. Wa za a sa a gaba? Mai faɗin ƙirji mana. Ƙofa ta rufe a baya. Ka rubuta doka da jan biro: in ɗan lidon Dunƙule ya nuna sha biyar zuwa sama, ya danne na gaba, babu tashi.

Za a ce maka in za ka gina ramin mugunta ka gina shi gajere. Masu faɗin haka ba su taɓa zama teburi ɗaya da Goggo ba. Zurfafa abinka.

Mataki na shida: Jefa, kuma kada ka ɗaga kai

A nan Kwali ya yi abin kunya, don haka ka buɗe kunne.

Komai ya tafi daidai. Na-Gatari ya shiga lungu, ƙofa ta rufe, aka ɗora Dunƙule a kan taswira. Goggo ta yi sallama. Kwali ya ce ba shi da kunne. Ta ɗaga masa hannu. Ba shi da ido. Ta tambayi ina mutanensa. Ba shi da kowa.

"Allah sarki," in ji ta.

Direba ya miƙe tsaye don murna. Kwali ya jefa. Ɗan lido ya yi juyi uku ya tsaya a kan ashirin cif. Ba abin da ya rage sai ya buɗe baki.

Sai ya ɗaga kai.

Goggo ta sa takardar Na-Gatari a cikin leda mai kauri, irin wadda ake adana katin asibiti. A bayan takardar, da ƙaramin rubutunta, ta jera duk dodannin da suka haɗu da su, kowane da larurarsa: basamude, kumburin ƙafa, a waiwaye shi. Tana shafa ledar da babban yatsa tana jiran hukunci. Da yatsan nan take shafa masa goshi lokacin da yake ƙyanda.

"Uku," in ji Kwali. "Ya kuskure."

Direba ya zauna daɓas, kamar an sace masa taya.

Ka ga illar ɗaga kai. Mako guda na yanka da liƙi ya tafi a banza saboda leda ɗaya.

Mataki na bakwai: Waiwaya ka ga abin da ke bayanka

Da ka bi ta tawa, da wannan ne matakin farko.

Goggo ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi.

"Ashirin ne, ɗan nan."

"Goggo, ai ni ke ganin..."

"Ni ma ina gani. Wata goma sha ɗaya ina kallon ɗan lidonka a gilashin kabad ɗin nan. Matarka tana goge shi da kyau, Allah ya yi mata albarka."

Matar Kwali ta tura fuska cikin kofin shayi, kafaɗunta suna rawa.

"Ranar basamude, ɗan lido cewa ya yi a maka min kulki. Kai ka ce ya yarda. Ranar ƙasusuwa ma haka. Ina ta jira in ga ranar da za ka ce min a'a, in sauke gatarin nan in gwada shi. Ashe tarbiyyar ce ta yi maka yawa."

Direba ya juyo a hankali. "Wato kai ne ka sa ni haƙar kabari?"

"Bar shi," in ji Goggo. Ta kife takardar Na-Gatari a kan tebur, ta ɗan dafa ta. "Ya mutu. Ya yi zamansa lafiya da kowa, ba ya bin kowa da sharri. Na yi shekara talatin da ɗaya ina tsayawa a bakin gado ina faɗa wa mutane abin da ba sa son ji. Mai riƙe da dodo aikinsa ke nan. Kai ba ka iya ba. Tashi ka ba ni kujerar."

Babba ta ce tashi. Kwali ya tashi. Kafin ta zauna, ta yare mayafinta ta rataya a ƙofar kabad, gilashin ya rufe ruf.

Cikin minti ashirin Dunƙule ya bi ta kan jarumin Direba sau biyu. Direba ya ce rabonsa da jin daɗi haka tun ranar da ya karɓi lasisi. Yanzu shi ke fara zuwa, har da biskit yake kawo mata.

Kwali kuwa an ba shi farar takarda ya ƙera jarumi. Ya yi huɗu zuwa yanzu, duk an binne su. Wanzami ba ya son jarfa. Asabar da ta wuce na biyar ɗin ya ci karo da wani abu a bakin rijiya, jininsa saura biyu. Kwali ya ce jaruminsa ya durƙusa ya gaishe shi, ya tambaye shi ya ƙafafu.

Goggo ta leƙo ta saman kwali, ta saman tabarau.

"Ba shi da kunne, ɗan nan. A wurinka na koya. Jefa."

Hattara

An yi maka alkawarin jarumi zai mutu, kuma ya mutu. Ba a taɓa yi maka alkawarin kujerarka ba. Duk wanda ya bi matakan nan ya wayi gari a ɗaya gefen kwalin, kada ya zo nemana, ban san shi ba, ban taɓa ganinsa ba. Asarar kujera, zubewar girma a gaban mata, da duk jarumin da aka binne, suna wuyan mai su. Mai ƙorafi ya kai wa goggonsa. Tana sauraron koke ranar Asabar, bayan an kwashe gawarwaki.