Wanzamin Masara

Ni ne na yi kuskure, kuma ba wanda ya sa ni.

Yayata Asabe, wadda mijinta ya rasu, tana da 'yar gonar rani a bakin ruwan Watari, da ita take ciyar da 'ya'yanta. Da ta kwanta ciwo sai ta ce in kula mata da masarar, lokacin ta fara goyo. Na tsaya na yi nazari irin na manya: ganye ya yi yawa, shi ke shanye takin da ya kamata ya tafi ga goyon. Na zage shi tas, na kai wa tumakina. A raina har na fara jin godiyarta.

Maƙwabcin gonar, Malam Sale, tsohon malamin firamare, ya daɗe yana kallon karan da na bari tsirara. Ya ce, "Koren nan da ka kwashe, shi ke kama hasken rana ya haɗa wa masara abinci. Ka rushe mata madafi."

Na ce, "Malam, wannan karatun aji ne. Ni a gona na girma."

Ranar girbi muka ɓare goyo, ƙwaya huɗu nan, biyar can, kamar bakin tsoho. Yaya ba ta yi faɗa ba, ta dai riƙa juya totuwar a hannunta. Har yau Wanzamin Masara ake kirana a majalisa, masu gemu su dafe haɓa in na iso.

Na kai mata gero daga rumbuna, na durƙusa, na ce, "Yaya, ki yafe mini. Abincin 'ya'yanki na ba tumakina."