Fayil Ɗina Gudu Yake Yi

Jiya na ƙona man babur ɗin da na sha layin awa uku kafin in samu, wajen zuwa gaishe da fayil ɗina. Ni malamin kimiyya ne. Wata huɗu ke nan da na rubuta wa manya ina roƙon agogon auna gudu guda biyar da tef ɗin awo. Saura mako biyu ɗalibaina su shiga jarrabawar gwaji, kuma ba wanda ya taɓa riƙe irin agogon nan a hannunsa.

A ofishin ilimi, magatakarda ya tarbe ni da fara'a. "Malam, ai fayil ɗinka gudu yake yi! Ya hau sama, ya sauko, ya shiga kwamiti, ya fito. Tebur goma sha ɗaya ya taka."

"Yanzu yana ina?"

Sai ya ɗaga kofin shayinsa. Ga shi nan a ƙarƙashi, daidai inda na ajiye shi ranar farko.

Raina ya ɓaci, amma saura kaɗan in rungume shi, don ya ba ni darasin da na daɗe ina fama da shi a aji. Mu kalma ɗaya muke da ita, gudu, alhali a kimiyya iri biyu ne. Akwai gudu kawai, wato nisan da ka cinye cikin lokaci. Akwai kuma gudu mai alƙibla: ina ka dosa, kuma nawa ka matsa daga inda ka tashi. Wanda ya zaga filin ƙwallo sau goma ya dawo inda ya fara, gumi kam ya yi shi, amma a lissafi na biyu sifiri ya ci.

Da na ba maƙwabcina mai faci labari, sai ya ce, "To ai Mai Girma Uban Alkawura ya faɗa a rediyo, ilimi na gudu a zamaninsa."

"Ya faɗi inda ya nufa?"

"Haba Malam, babban mutum kamar wannan a tambaye shi hanya?"

Allah ya ja zamaninsa, ashe bai manta da mu ba. Yau da safe motoci uku da jiniya suka kawo mana agogo. Na bango ne, ɗauke da hotonsa yana murmushi, babu hannun ƙirga sakan, babu batir. Aka sa yara suka yi tafi.

Bayan sun tafi na zana tafiyar fayil ɗina a allo, na ce a lissafa. Karon farko, ajin gaba ɗaya ya ci: sifiri. Ina cikin murna sai wata ɗaliba da ke zama a gaba, wadda ba ta taɓa fashi ba, ta ɗaga hannu.

"Malam, to wanda ya shekara shida yana sammakon zuwa makaranta, ya faɗi jarrabawa ya koma gida fa? Nasa nawa ne?"

Na ɗaga kai in duba agogo, ko na samu in ce lokaci ya ƙure. Yana nan a ƙarfe goma da minti goma, Mai Girma na ta murmushi.