Tayoyin Ƙanƙara a Hanyar Babban Mutum

Ba zan rantse ba, amma ina jin a Daura kaɗan ne suka kai ni taka-tsantsan. Da zan sauya tayoyin mota, 'yan Kwatano na zaɓa, masu tambarin ƙanƙara. A lissafina na mai digiri, tayar ƙasar sanyi ba za ta yi saurin ɗaukar zafi ba. Shekarunsu kuwa ban duba ba, tunda zanensu bai cinye ba.

Ana tsakiyar bazara aka aiko cewa ƙanen kakata yana jin jiki a Babban Mutum, yana ta kiran sunanta. Kawu ya ce ta bi motar haya, na ce tawa ta fi aminci.

Muna kan hanya da Kaka, da azahar tayar baya ta fashe. Na sa safaya, ba mu yi nisa ba ta gaba ta fashe. Da ƙyar muka samo wata tayar muka isa, muka tarar har an dawo daga maƙabarta.

Kaka ba ta yi mini faɗa ba. Amma duk na je gaishe ta takan ce, "Maigida, in ajalina zai zo, Allah ya sa a motarka zai taho." Kowa ya yi dariya, ita kuma ta goge ido.